Waƙafi Ko Haya? Gasar Manhajojin Ɗaukar Murya a Zangon Kumasi



Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu malamai da sarakunan Zango, da iyayenmu mata da ke fama da hidimar gida, da 'yan kasuwar da ke zaune a bakin shagunansu a nan Alabar, rediyo na gefe ana ciniki, da 'yan'uwanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Yalwa da Tafo, har zuwa duk inda Allah ya nufa muryar nan ta kai. 

Maganarmu ta yau a kan murya ce, da abin da ake kama murya da shi. Duk wanda ya taɓa sauraron tafsirin wani malaminmu a waya, ko waƙar bege da aka turo masa ta WhatsApp, ko tallar mai maganin gargajiya da lasifika ke maimaitawa a kasuwar Kejetia tun hantsi har la'asar, to ya sani galibi kafin wannan murya ta iso kunnensa sai da ta bi ta cikin wata manhaja, aka yanke tari da gyaran murya, aka rage hayaniya, aka daidaita ƙarfinta. Manhaja, ga wanda kalmar ta yi wa baƙunci, ita ce jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta ko waya domin ta san aikin da za ta yi. Ba a taɓa ta da hannu, amma in babu ita kwamfuta ƙarfe ce kawai da roba.

To, manhajojin ɗaukar murya sun rabu gida biyu, kuma sun fi shekara 20 suna gasa. Akwai na kamfanoni, waɗanda ake biya. Akwai kuma masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda aka bar wa jama'a. Zan fara da bambancinsu. Daga nan mu waiwayi tarihi kaɗan. Sannan mu dawo gida mu ga yadda gasar take a nan Zango, wanda shi ne maƙasudin zaman namu. A ƙarshe in faɗi ra'ayina ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Bismillah, mu fara da bambancin.

Kowace manhaja tana da rubutunta na asali, wanda masana suka zauna suka tsara layi bayan layi, cikin harshen da mai ilimin abin zai iya karantawa ya gyara. Wannan rubutu shi ake kira tushe. Idan kamfani ya gama aikinsa, sai ya juya tushen zuwa siffar da na'ura kaɗai ke fahimta, ya kulle asalin a wajensa, ya miƙo maka juyayyen. Kai da ka biya kuɗi, a haƙiƙa ba manhajar ka saya ba. Izinin amfani ka saya, wato lasisi, bisa sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya: kada ka kwafa wa wani, kada ka buɗe cikinta, kada ka sa ta a kwamfutoci fiye da adadin da aka yarje maka. A da biya ɗaya ake yi, mutum ya riƙe abinsa har ya gaji. Amma tun shekarar 2013, lokacin da kamfanin Adobe na Amurka ya daina fitar da sababbin manhajojinsa domin sayarwa, ya koma karɓar kuɗi wata-wata, kamfanoni da dama suka bi sahunsa, har al'amarin ya zama abin da malaman fiƙihu ke kira ijara, wato haya. Watan da ka biya, ka yi aiki. Watan da ba ka biya ba, ƙofa ta rufe.

Ɗaya ɓangaren kuwa, asalinsa wani masanin kwamfuta ne Ba'amurke mai suna Richard Stallman, wanda a 1983 ya ɗaura ɗamarar samar da manhajojin da ba za a kulle tushensu ba, sannan a 1989 ya fitar da wani lasisi da ake kira GPL. Lasisin nan ya ba kowa haƙƙi huɗu: ya yi amfani da manhajar a duk aikin da ya ga dama, ya karanta tushenta ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ya kuma yaɗa gyaran da ya yi. Sai sharaɗi guda, kuma a nan hikimar take: duk wanda ya gyara ya yaɗa, wajibi ne ya bar nasa gyaran a buɗe, kamar yadda ya tarar da na magabatansa.

Mu da muka tashi a makarantun allo da zaurukan ilimi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sunansa waƙafi. Attajiri ya sayi littafi ya ajiye a masallaci, ya rubuta a bangonsa cewa ya tsayar da shi domin ɗalibai; kowa ya karanta, kowa ya kwafa, amma babu mai ɗauke shi ya kai gida ya ce ya zama nasa, babu kuma mai cin gadonsa, domin sharaɗin mai waƙafi yana bin littafin duk hannun da ya shiga. To haka GPL take bin manhaja. Misalin dai yana ɗingishi ta wuri ɗaya, saboda lasisin bai hana a karɓi kuɗi ba. Ga Ardour, wadda wani Bature haifaffen Ingila mai suna Paul Davis ya assasa: tushenta a buɗe yake ga kowa, amma wanda yake son a ba shi ita a haɗe, shirye domin aiki, ana neman ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, domin masu rubuta ta su ma su ci abinci.

A kula da wannan, jama'a. Ba duk abin da aka ba ka kyauta ne waƙafi ba. Akwai wata manhaja mai suna Sonar, ta kamfanin Cakewalk, wadda masu haɗa kiɗa suka daɗe suna saye da tsada. A ƙarshen 2017 kamfanin Gibson da ya mallake ta ya sanar da dakatar da aikinta, masu amfani da ita suka wayi gari ba su san makomarsu ba. A 2018 wani kamfani na Singafo, BandLab, ya saye ta ya raba kyauta. Kyauta ce, ba shakka, amma tushen yana kulle, kuma wanda ya ba ka yau yana da ikon ya janye gobe.

Yanzu kuma mu waiwayi tarihi.

Dattawanmu sun san zamanin da gidan rediyo ɗaya ne tak a ƙasar nan. An buɗe shi a Accra ranar 31 ga Yuli, 1935, da sunan tashar ZOY, shi ne ya zama GBC, kuma Hausa na cikin harsunan da ya daɗe yana watsa shirye-shirye da su. A zamanin tef, in mai shiri ya yi tuntuɓen harshe, reza ake sawa a yanke wurin, a liƙe da salatif. Kayan aikin kuwa sai gwamnati ko babban kamfani. Ko da kwamfuta ta shigo harkar, ba ta zo da araha ba. Pro Tools ta farko, wadda kamfanin Digidesign ya fitar a Amurka a 1991, kusan dala 6,000 ce, alhali layin murya huɗu kacal take ɗauka. Cubase, wadda ta fito daga Hamburg ta ƙasar Jamus a 1989, da farko ma ba ta ɗaukar murya, sai sarrafa kayan kiɗa na lantarki.

Abubuwa biyu suka zo kusan lokaci guda suka sauya lamarin. Bayan tsarin mulkin 1992 aka sakar wa gidajen rediyo masu zaman kansu mara. Joy FM ta fara a Accra a 1995, kafin wani lokaci tashoshin FM sun cika Kumasi, kowace tana bukatar mai haɗa talla da mai tace labarai. A daidai nan kuma kwamfutar tebur ta fara araha, aka sami ƙananan manhajoji da za su zauna a kanta. Cool Edit, ta wani ƙaramin kamfani mai suna Syntrillium, a kanta ma'aikatan rediyo da yawa suka koyi aiki. A 2003 Adobe ya saye ta a kan dala miliyan 16 da rabi, ya sauya mata suna zuwa Audition, ko da yake har yau akwai tsofaffin hannu da bakinsu bai saki tsohon sunan ba. A ɓangaren kiɗa kuwa, FruityLoops ta fito daga Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, ta zama FL Studio a 2003, ta ba yaro mai ɗaki ɗaya damar haɗa kiɗa sukutum ba tare da ya mallaki ganga ko ɗaya ba. Tun daga tashen hiplife har zuwa samarin Asakaa da suka ɗaga sunan Kumasi a 2020, irin wannan ɗaki, mai kwamfuta ɗaya da makirufo ɗaya, daga nan waƙoƙin matasa masu ɗimbin yawa suka fito.

Ana cikin haka, a 1999, a Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh, wani ɗalibi mai suna Dominic Mazzoni da malaminsa Roger Dannenberg suka fara rubuta wata manhaja domin bincikensu, suna son su ga siffar sauti a allo. Ranar 28 ga Mayu, 2000, suka sake ta ga duniya da sunan Audacity, a matsayin mai buɗaɗɗen tushe. Masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙara mata, wannan ya gyara kuskure, wancan ya fassara ta zuwa harshensu, har ta kai an sauke ta fiye da sau miliyan 100. Ku riƙe sunan nan, Audacity, domin za mu yi ta komawa kansa.

To, mu dawo gida. A nan nake roƙon ku ƙara kasa kunne.

A Turai da Amurka, in ana maganar gasa tsakanin Audacity da Audition, ana nufin mutum ya zauna ya auna: in biya haya, ko in ɗauki ta waƙafi? A nan Zango ba haka lissafin yake ba, domin akwai na uku, wanda ba a faɗin sunansa a fili, amma shi ya fi kowa kasuwa. Shi ne fasasshen kwafi, wanda samari ke kira kirak: manhajar kamfani ce da wani ya ɓalle mata makulli, ta daina tambayar lasisi.

Ku kwatanta yaro ya tara kuɗinsa, ya gangara Adum, ya sayi kwamfutar cinya ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Mai shago ya tambaye shi aikin da zai yi da ita. Ya ce sitidiyo zai buɗe. Mai shago ya zaro filashi daga aljihu, cikin rabin sa'a ya loda masa FL Studio da Cubase da Audition, ya ce ya ƙara sidi kaɗan na wahala, sannan ya ja masa kunne: kada ka bari ta hau intanet, kada ka taɓa inda aka ce a sabunta, in kuma manhajar da ke gadin kwamfuta ta yi ƙorafi, ka kashe ta. Yaro ya rungumi kwamfutarsa ya hau motar haya ta trotro yana murna. Bai san akwai wata aba wai ita Audacity ba. In ma ya sani, cewa zai yi: me zan yi da ta kyauta, alhali ta masu kuɗin ma kyauta na same ta?

Kun ga ke nan abin da ya danne manhajar waƙafi a wurinmu ba kyawun ta kamfani ba ne kaɗai. Satar ta kamfani ce. In maimaita: a nan Zango, gasar tsakanin kyauta biyu take, ɗaya halal, ɗaya kuwa ta bayan gida.

Ba na ɗora wa yaron nan laifi duka, domin wanda ya san halin kasuwarmu ya san uzurinsa. Hayar Audition dala 20 da ɗoriya ce kowane wata, kuma da dala ake biya, ba da sidi ba. A farkon 2022 dala ɗaya sidi 6 da 'yan kai ce. Kafin shekarar ta ƙare sai da ta haura sidi 13. Ma'ana, mai haya ya ga kuɗin hayarsa ya ninka ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ga shi kuma galibi da katin banki ake biya, alhali cinikinmu na hannu da hannu ne ko na MoMo, wato biya ta waya. Har wa yau, haya tana da wani haɗari da ba a cika tunawa da shi ba. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da mutanen Venezuela cewa zai rufe asusunsu baki ɗaya, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta sa wa ƙasarsu. Daga baya an sami sassauci aka bar su, amma a 'yan makonnin nan mai sitidiyo a can ya gane cewa rigimar da ba shi ya tayar ba tana iya raba shi da kayan sana'arsa.

Duk da haka, uzuri bai mai da haram halal ba, bai kuma kawar da cutarwa ba. Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Ghana ta 2005, mai lamba 690, ta sa manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa, daidai da littafi da waƙa. Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da haƙƙin ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka saɓa wa wannan fatawa, kuma fagen nasu ne, su za a tambaya. Amma ni dai abin yana yi mini nauyi a ce an ɗauki karatun Littafin Allah da kayan da ake shubuha a kansu, alhali ga wanda babu shubuha a cikinsa a ajiye. Sannan abin mamaki, mawaƙin da ya fi kowa kuka cewa masu tura waƙa a waya sun cinye guminsa, in ka leƙa kwamfutar da aka haɗa waƙar tasa, sau da yawa da gumin wani aka haɗa ta.

Ta fuskar aiki kuwa, ku tuna gargaɗin mai shago: kashe mai gadi. Wanda ya fasa manhaja ya saka a intanet ba lada yake nema ba. Ta irin wannan ƙofa ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga, har da mugun nau'in nan da ke kulle dukkan fayilolin mutum ya ce sai an biya fansa. Aikin shekara guda yana iya salwanta a dare ɗaya, kuma babu inda za ka kai ƙara, tunda kai ma ta taga ka shiga.

Yanzu mun zo kan tambayar da na san da yawanku ita kuke jira: to wace ta fi kyau?

Amsar tana bin aikin da za ka yi, amma akwai gaskiya ɗaya da ta shafi kowa. Kwamfuta tana kama sauti ne ta hanyar auna shi, bisa ma'aunin faifan CD sau 44,100 a kowace daƙiƙa, tana rubuta lambobi. In makirufo ɗaya ne, ɗaki ɗaya, saiti ɗaya, lambobin da Audacity za ta rubuta su ne waɗanda Pro Tools za ta rubuta. Tsadar manhaja ba ta ƙara wa murya zaƙi a lokacin ɗauka. Makirufo ne, da ɗaki, da kunnen mai aiki. Wanda yake da sidi kaɗan a hannu, ya sayi makirufo mai kyau, ya rataya barguna a bango domin su shanye amsa-kuwa.

In aikinka murya ce zalla, wato wa'azi, tafsiri, karatun littafi, shirin rediyo, talla, ko hira da dattijo domin adana tarihi, to Audacity ta wadatar, har da ragowa. Tana yanka, tana haɗawa, tana rage hayaniya, tana jera layin murya da yawa, kuma tana tafiya a kan tsohuwar kwamfuta. In kuwa aikinka haɗa kiɗa ne daga tushe, da ganguna da molo na cikin kwamfuta, to gaskiya ɗaya ce, Audacity ba domin wannan aka gina ta ba, kuma na kamfanoni sun yi mata nisa. Akwai LMMS da Ardour a ɓangaren waƙafi, suna aiki, amma masu koyar da su a garin nan kaɗan ne, kuma sana'a a wurinmu daga hannun maigida ake koyonta. Wanda kiɗa ne abincinsa, shawarata ya tara kuɗi ya sayi halal. FL Studio biya ɗaya ake yi, sabuntawa kyauta ce har abada. Sai dai a lura, mafi arahar nau'inta ba ya ɗaukar murya ta makirufo, sai na sama da shi, mai kusan dala 200. Akwai kuma Reaper, wadda Justin Frankel, mutumin da ya ƙirƙiri Winamp, ya fitar a 2006: ta kamfani ce, amma ana ba ka kwana 60 ka gwada ta cikakkiya, sannan ƙaramin mai sana'a dala 60 zai biya. Ga matashin da ke neman aiki a gidan rediyo, inda wataƙila Audition zai tarar, kada ya damu. Wanda ya iya karanta siffar sauti a allo ya san inda zai yanka, mako guda ya ishe shi ya saba da kowace.

Kada kuma a ɗauka ɓangaren waƙafi ba shi da nasa rikicin. A Afrilun 2021 wani kamfani mai suna Muse Group ya karɓi ragamar Audacity, bai jima ba ya kawo shirin sa mata hanyar aika bayanai game da yadda mutane ke amfani da ita. Da yake tushen a buɗe yake, jama'a suka ga abin tun kafin a sake shi, suka yi ca a kansa, har kamfanin ya janye shirin ya sake rubuta sharuɗɗansa. Wasu kuma da ba su gamsu ba suka kwafi tushen suka ci gaba da tasu da sunan Tenacity. Da manhajar kulle ce, da wuya a gani da wuri haka, in ma an gani babu mai ikon ɗaukar ta ya yi gaba.

Kafin lokaci ya ƙure, bari mu shiga masallaci tare, in nuna muku aikin a aikace.

Watan Ramadan ne, bayan la'asar, Malam ya zauna, mai jan baƙi na gefensa. Kai ne aka ɗora wa ɗaukar tafsirin. Kada ka ajiye wayar salula a gaban lasifika, domin amsa-kuwar masallaci za ka kwasa. Ka ja waya daga na'urar da makirufon Malam ke shiga, ka kai ta kwamfutarka. Ka buɗe Audacity, ka dubi ma'aunin da ke sama, mai kore da rawaya da ja. Ka roƙi mai jan baƙi ya ɗaga murya yadda zai ɗaga in karatu ya yi daɗi, ka rage ƙarfin shiga har ma'aunin ya tsaya wajen lamba 6 ƙasa da sifiri. Kada ya taɓa ja. Kada ya taɓa ja, jama'a, domin murya in ta fashe a wurin ɗauka, da wuya ta koma daidai, ko da manhajar ta fi kowace tsada. Kafin Malam ya fara, ka ɗauki daƙiƙa biyar na shiru, fanka na juyawa, janareto na ruri in an ɗauke wuta. Wannan shirun shi ne maganinka. Bayan an tashi, sai ka zaɓe shi, ka shiga inda aka rubuta Noise Reduction, wato rage hayaniya, ka nuna wa manhajar cewa ga irin ƙarar da ba ka so, sannan ka zaɓi karatun duka ka ce ta cire. Ka yi da sauƙi. In ka matsa, muryar Malam za ta rasa armashinta, ta riƙa ƙugi.

Sai ajiya, kuma a nan mutane da yawa ke asara. Fayil ɗin aiki da Audacity ke ajiyewa, ita kaɗai ke buɗe shi, kamar yadda na Cubase sai Cubase, na FL Studio sai FL Studio. A wannan aibi duka ɓangarorin biyu sun yi tarayya. Saboda haka in ka gama, ka fitar da karatun a siffar WAV ko FLAC, waɗanda kusan kowace manhaja ke karantawa. Sa'a ɗaya ta murya a layi guda, a siffar WAV, kimanin megabait 300 ce. In sa'a ɗaya ake yi kullum, tafsirin wata guda bai wuce gigabait 10 ba. Wannan shi ne asali, a adana shi wuri biyu, ɗaya a masallaci ɗaya a wani gida. Daga shi sai ka fitar da MP3, wanda sa'a guda za ta sauka ƙasa da megabait 60, shi za a tura wa jama'a ta WhatsApp. Kada a ajiye MP3 a jefar da asali, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin ne kafin ya ƙanƙance, abin da ya zubar kuwa ba ya dawowa. Ka rubuta sunan malami, da surar da aka karanta, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, a kan kowane fayil.

Iyayena da yayyena, kira na gare ku shi ne wannan. A gidajenmu na Alabar da Aboabo da Asawase akwai kaset-kaset cike da akwatuna da ƙarƙashin gado: tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da wa'azin Maulidi, da muryoyin iyaye da aka aiko daga Makka ko Kano a zamanin da ake aika saƙo a kaset. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima, Kumasi kuwa damina biyu take yi a shekara. Abin da ake bukata kaɗan ne: rediyo mai kaset wadda ke da ramin abin sauraro na kunne, da waya ɗaya mai kai biyu, da kwamfuta ko tsohuwa ce, da Audacity da aka sauko da ita daga shafin masu ita kai tsaye, ba daga filashin wani ba. Kaset mai minti 90, minti 90 zai ci, babu gajeriyar hanya. Ina roƙon kwamitocin masallatai da shugabannin makarantun Islamiyya su zaɓi matasa biyu ko uku, maza da mata, su ba su wannan amana, a fara da kaset ɗin da ya fi tsufa. Hajiya, Alhaji, ku fito da akwatunan nan tun zaren bai manne ba.